Kalandar Sinawa: Lissafin Sama da Littafin Zaɓen Rana

Wani ɗan kawuna da ke sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya yi asarar da har yau bai daina ba da labarinta ba. A farkon shekarar 2023 ya tura kuɗin kayan Sallah zuwa Gwanzu, da tunanin cewa hutun Sinawa sai cikin Fabrairu, domin a shekarar da ta gabace ta ranar 1 ga Fabrairu suka yi bikinsu. Ashe a wannan karon bikin ya faɗo ranar 22 ga Janairu. Kafin kuɗinsa su isa, ma'aikatan masaƙa sun tattara nasu ya nasu sun tafi ƙauyukansu. Da hutu ya ƙare ma mai masaƙar bai buɗe nan take ba, ya ce yana jiran ranar da littafi ya nuna ta dace da fara aiki. Kaya dai ba su iso Kano ba sai da aka sha ruwa aka yi Sallah, kasuwa ta lafa. Da ya zo min da kokensa, tambayoyi biyu ya yi: me ya sa shekarar mutanen nan ba ta da tsayayyar rana, kuma wane littafi ne wannan da zai hana mutum buɗe masana'antarsa alhali ga kuɗi a ƙasa?

Tambayoyi ne masu kyau, kuma amsar ta farko ta bambanta da ta biyu nesa ba kusa ba, duk da cewa a takarda ɗaya ake buga su.

Mu fara da gyara wani kuskure da ya yaɗu har a kafofin labarai. Ana kiran kalandar Sinawa "kalandar wata", kamar dai irin tamu ce ta Hijira. Ba haka ba ne. Kalandar Hijira wata kaɗai take bi: wata goma sha biyu, kwana 354 ko 355, shi ya sa azumi yake zagayawa daga bazara zuwa damina zuwa hunturu, yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Ta Sinawa kuwa dawaki biyu ta ɗaure a turke ɗaya. Watanninta na bin wata, shekararta na bin rana. Kowane wata yana farawa ne a ranar da wata ya shiga tsakanin duniya da rana, lokacin da babu idon da zai iya ganinsa. Ba a fita duban jinjiri, lissafi ake yi. Saboda haka ɗaya ga watansu takan riga ɗaya ga watanmu da kwana ɗaya ko biyu.

To, yaya ake hana shekarar zamewa daga yanayi? Nan ne gwanintar take. Sun raba hanyar da rana take bi a sararin sama gida ashirin da huɗu, kowane gida digiri goma sha biyar, kimanin kwana goma sha biyar ke nan. Kowane zango da sunansa, kuma sunayen na manoma ne: Shigowar Bazara wajen 4 ga Fabrairu, Farkawar Ƙwari a farkon Maris, Ruwan Hatsi wajen 20 ga Afrilu, Babban Zafi, Farar Raɓa, Saukar Jaura, har zuwa Tsakiyar Hunturu wajen 21 ko 22 ga Disamba, ranar da dare ya fi tsawo. Cikakken jerin waɗannan zanguna yana cikin littafin Huainanzi da aka miƙa wa sarki a shekara ta 139 kafin Miladiyya, kuma yanayin kwarin Rawayen Kogi suke siffantawa. A cikin ashirin da huɗun nan, goma sha biyu ake ɗauka manya. Tsakanin babban zango da mai bi masa kwana talatin ne da kusan rabi, shi kuwa wata kwana ashirin da tara ne da rabi. Wannan 'yar tazarar tana taruwa sannu a hankali, har a wayi gari wani wata ya shigo ya fita babban zango bai faɗo a cikinsa ba. Ƙa'ida ita ce Tsakiyar Hunturu dole ta faɗo a wata na goma sha ɗaya. Idan aka ƙirga daga wannan wata zuwa takwaransa na baɗi aka sami wata goma sha uku, sai a ɗauki na farkon da ba shi da babban zango a mai da shi watan ƙari, ya ari sunan wanda ya gabace shi. A 2020 an yi wata na huɗu sau biyu, a 2023 na biyu, a 2025 na shida. Sau bakwai ake irin wannan ƙari a cikin kowace shekara goma sha tara.

Sakamakon haka, sabuwar shekararsu tana kai da komo amma ba ta tsallake shinge: ba ta riga 21 ga Janairu, ba ta wuce 20 ga Fabrairu. Takan ja baya da kwana goma sha ɗaya sau ɗaya ko biyu, sai watan ƙari ya tunkuɗa ta gaba da kwana goma sha takwas ko sha tara. Da ɗan kawuna ya san wannan, da ya tsira da uwar kuɗinsa da ribarsa.

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ba zai ji wannan tunani baƙo ba. Manomanmu ma ba su taɓa dogara da watan Hijira wajen shuka ba, domin ba ya tafiya da damina. Wajen malaman hisabi suke zuwa su ji wane tauraro ake ciki, Haƙa'a ce ko Hana'a ko Zira'a ko Nasara, kowanne da kwana goma sha ukunsa. Abin da mu muka ajiye a littattafai biyu, na ibada daban na noma daban, shi Sinawa suka ɗinke ya zama riga ɗaya. Musulunci ya hana ƙara wata a cikin shekara, don haka wannan ɗinkin ba zai yiwu a wurinmu ba, amma matsalar da ake son warwarewa iri ɗaya ce.

Akwai kuma ƙirga ta uku da ke tafiya a ƙarƙashin waɗannan biyun, kuma ita ce mafi tsufa. Alamomi goma ne da suke kira sandunan sama, da wasu goma sha biyu da suke kira rassan ƙasa. Ana haɗa su bi da bi, ɗaya daga nan ɗaya daga can, sai an yi haɗi sittin kafin a dawo mafari. A ƙasusuwan duba da aka tono a Anyang, na zamanin daular Shang, fiye da shekara dubu uku da suka wuce, da wannan zagayen sittin ake ƙirga kwanaki. Daga baya aka shimfiɗa shi a kan shekaru da watanni da sa'o'i. Rassan nan goma sha biyu su ne aka ba wa dabbobin da duniya ta sani: ɓera, sa, damisa, zomo, dodon almarar nan da suke kira Lung, maciji, doki, akuya, biri, zakara, kare, alade. Sandunan kuma aka raba su ga sinadarai biyar: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa. Don haka 2024 shekarar Lung ce ta itace, 2025 ta maciji, 2026 ta dokin wuta. Yini ma an yanka shi goma sha biyu, kowane yanki sa'a biyu, sa'ar ɓera tana farawa daga ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Daga wannan zagayen ne littafin da ya tsare kayan ɗan kawuna ya fito. A yankin tsakiyar ƙasar ana ce masa Huangli, wasu su ce Tongshu, wato littafin da ya game komai. Mutanen Kanton da Hon Kon kuwa Tung Shing suke cewa, don a harshensu kalmar "littafi" tana da amo ɗaya da kalmar "faɗuwa", sai suka musanya ta da kalmar "nasara". Mai karatu ya ga irin tunanin da ke cikin littafin tun daga sunansa. Na Hon Kon mai kauri ne, da jan bango da igiyar ratayewa. A shafinsa na farko akwai hoton sa da yaro makiyayi: idan yaron ba takalmi, shekarar ruwa ce, idan yana sanye da su, fari ake tsoro. A ciki akwai fassarar mafarki, da karatun fuska da tafin hannu, da layu, da nasihohi ga yara. Amma zuciyar littafin ita ce jadawalin kwanaki, wanda ake kuma bugawa a kalandar bango mai yagewa kullum, yanzu kuma yana cikin manhajojin waya.

Kowace rana tana da layi biyu. Layin farko, "yi", abubuwan da suka dace: ɗaurin aure, tarewa a sabon gida, buɗe shago, ƙulla yarjejeniya, tafiya, aza harsashin gini, haƙa rijiya, kafa gado, aski, binne mamaci. Layi na biyu, "ji", abubuwan da za a ƙaurace wa, daga cikin wannan jerin dai. Wata ranar za ka ga layin farko ya cika maƙil, wata kuma a ce kada a soma komai sai shara da rushe tsohon gini. Ana kuma faɗin dabbar da ranar take karo da ita, ta yadda wanda aka haifa a shekarar doki zai kiyayi ranar ɓera, da sa'o'i masu kyau da marasa kyau, da kusurwar da allan dukiyarsu yake a ranar, har da ɓangaren gidan da bai kamata a buga ƙusa ba idan akwai mai juna biyu.

Ta yaya ake fitar da waɗannan hukunce-hukunce? Wannan ita ce tambayar da nake so ɗalibai su riƙe. Babu wanda yake duban sama domin su. Ƙafafun keke ne da yawa, kowace tana juyawa da nata gudun. Akwai zagayen sittin. Akwai wasu jami'ai goma sha biyu da ke karɓar kwanaki bi da bi, masu sunaye irin su Kafawa, Kawarwa, Cika, Rushewa, Haɗari, Nasara, Buɗewa, Rufewa. Akwai masaukan wata ashirin da takwas, adadi ɗaya da manzilolin da malamanmu suka gada daga Larabawa, sai dai a jadawalin nan an yanke su daga ainihin inda wata yake, suna zagayawa ne kawai kwana bayan kwana. Sannan akwai ɗaruruwan "taurari" na alheri da na sharri waɗanda ba su da jiki a sama, sunaye ne da ƙa'ida ke kawowa duk lokacin da alamar wata ta haɗu da alamar rana. Mai haɗa littafi yana tara duk abin da ya faɗo a kan ranar, ya auna, ya rubuta. Inda biyu suka yi karo, sai ya fifita wanda mazhabarsa ta fifita. Shi ya sa littattafai biyu na shekara ɗaya sukan saɓa a kan rana ɗaya.

Kuma Sinawa sun daɗe da sanin haka. A cikin babban littafin tarihin Sima Qian akwai wani ƙari da ke ba da labarin cewa Sarki Wu na daular Han ya tara masu zaɓen rana ya tambaye su ko wata rana ta dace da aure. Mazhaba bakwai, amsa bakwai: wannan ya ce ta dace, wancan ya ce ba ta dace ba, wani ya ce mummuna ce ƙwarai, wani ya ce ba ta da wani muni sosai, wani ya ce babu kamarta. Da gardama ta ƙi ƙarewa, sarki ya yanke cewa a bi masu sinadarai biyar. A ƙarni na farko na Miladiyya, Wang Chong, wani malami mai kaifin harshe, ya kawo hujjar da har yau ban ga an rushe ta ba. Ya ce a rana ɗaya Sarki Wu na Zhou ya ci yaƙi kuma sarkin Shang na ƙarshe ya sha kashi, a fage ɗaya, rundunoni suna kallon tutocin juna. To ranar mai kyau ce ko mummuna? Duk da haka littafin bai mutu ba. A kabarin wani ƙaramin ma'aikacin hukuma da aka binne a shekara ta 217 kafin Miladiyya a Shuihudi, wanda aka tono a 1975, an sami littattafan zaɓen rana rubuce a kan gora, ajiye tare da dokokin ƙasa. Mutumin ya tafi kabari da kayan aikinsa guda biyu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin nan shi ne yadda kalanda ta zama kayan sarauta. Sarki a wurinsu Ɗan Sama ne, kuma hujjar cewa sama ta yarda da shi ita ce ya iya faɗa wa talakawa lokaci daidai. Husufin da aka kasa hangowa abin kunya ne ga fada. Sabuwar daula takan zo da sabuwar kalanda, kuma ƙasar da ta karɓi kalandar sarki, kamar Koriya a zamanin Ming, ta yi mubaya'a ke nan. Don haka buga kalanda ba da izini ba laifi ne babba. A shekarar 835 wani jami'in daular Tang ya kai kuka cewa a Sichuan da Huainan 'yan kasuwa suna cika kasuwa da kalandarsu tun kafin ta fada ta fito, aka hana. Hanin bai yi tasiri ba, domin wata kalanda da aka buga ta shekarar 877, cike da jadawalin sa'a, an same ta a kogon Dunhuang, tana Landan yanzu. A zamanin Ming, bangon kalandar hukuma yana ɗauke da gargaɗin cewa mai jabu za a sare masa kai, wanda ya tona shi kuma a ba shi ladan azurfa. Dalilin bai tsaya ga martaba ba, akwai kuɗi: a 1328 kaɗai gwamnatin Yuan ta sayar da kwafi fiye da miliyan uku.

A cikin miliyan ukun nan, dubu biyar da ɗoriya kalandar Musulmi ce. Wannan ɓangare ne da ba a cika faɗa mana ba. A 1267 wani masanin taurari Bafarishe, Jamaluddin, ya gabatar wa Kublai Khan kalanda da na'urorin auna sama, a 1271 kuma aka kafa ofishin falaki na Musulmi ƙarƙashinsa. Guo Shoujing, wanda ya jagoranci kalandar 1281 mai tsawon shekara kwana 365.2425, daidai da abin da kalandar Turawa ta Giregori ta zo da shi bayan shekara ɗari uku, ya yi zamani da su a fada ɗaya. Da Ming suka kori Mongol ba su rufe sashen Musulmi ba. Sun sa an fassara jadawalinsu zuwa Sinanci, aka riƙa gwada lissafin husufinsu da na gida. Kusan shekara ɗari huɗu wannan sashe ya rayu.

Ƙarshensa yana cikin labarin da ya fi kowanne nuna cewa zaɓen rana ba wasan yara ba ne. Kalandar da Sinawa suke bi a yau ta samo siffarta ne a 1645, a hannun wani limamin Kirista Bajamushe, Adam Schall, wanda sabbin sarakunan Manchu suka ɗora a kan ofishin falaki bayan lissafinsa na husufin rana ya fi na kowa dacewa. A zamaninsa aka rufe sashen Musulmi. A 1658 wani jaririn ɗan Sarki Shunzhi ya rasu, ofishin Schall ya zaɓi lokacin binne shi. Bayan shekara biyu uwar yaron ta bi shi, bayan 'yan watanni sarkin kansa ya mutu da ciwon agana. A 1664 wani malamin Konfushiyas mai suna Yang Guangxian ya shigar da ƙara. Ya ce baƙon nan ya rubuta a bangon kalandar ƙasa cewa bisa sabuwar hanyar Yamma aka yi ta, ya ce ya lissafa wa daular shekara ɗari biyu kacal kamar yana yi mata fatan gajeren kwana, sannan ya zaɓi mugun lokaci na binne ɗan sarki, ga shi kuwa abin da ya biyo baya. Schall tsoho ne a lokacin, shanyewar jiki ta ɗauke masa magana. Aka yanke masa hukuncin kisa ta hanyar yanka gunduwa-gunduwa. Sai girgizar ƙasa ta afka wa Bejin a 1665, fada ta ɗauki hakan a matsayin fushin sama, kakar sabon sarki ta sa baki, aka sake shi. Abokan aikinsa Sinawa biyar ba su sami wannan sa'ar ba, an kashe su.

Aka ba Yang ofishin, shi da bai iya lissafi ba, ya jingina da Wu Mingxuan, wani masani daga tsohon sashen Musulmi. A ƙarshen 1668 matashin Sarki Kangxi ya sa aka yi gwaji a bainar manyan fada: a kafa sanda, kowa ya faɗi inda inuwarta za ta kai da tsakar rana. Mataimakin Schall, Ferdinand Verbiest, ya dace kwana uku a jere. Ya kuma nuna cewa watan ƙarin da aka sa a kalandar shekara mai kamawa ba a wurinsa yake ba. Aka soke watan bayan an riga an rarraba kalandar, aka tuɓe Yang. Kangxi ya faɗa daga baya cewa abin da ya sa ya koyi lissafi shi ne ganin babu ko ɗaya cikin manyan fadawansa da ya fahimci abin da ake gardama a kai a ranar. Ban ga Wu a matsayin mugun labarin ba. Jadawalin da ya gada ya yi shekara ɗaruruwa ba a sabunta shi da sabon awo ba, kuma ilimin da aka daina gwadawa da abin da ido ke gani haka yake tsufa ko na wane ne. Abin lura kuma, nasarar Verbiest ba ta taɓa layin "yi" da "ji" ba. An gyara lissafin sama, aka ci gaba da ɗora zaɓen rana a kansa. Jikan Kangxi, Qianlong, shi ya sa aka tattara ƙa'idojin zaɓen rana a wani kundi na hukuma da aka kammala a 1741, don a rage saɓanin mazhabobi, kuma har yau shi ne madogarar masu haɗa littafin.

Masu neman sauyi na ƙarni na ashirin sun yi ƙoƙarin kashe duka biyun. Jamhuriya ta ɗauki kalandar Turawa a 1912. A ƙarshen shekarun 1920 gwamnatin Kuomintang ta haramta buga tsohuwar kalanda, ta umarci a mai da bukukuwa 1 ga Janairu. Jama'a suka yi biris, bayan 'yan shekaru gwamnati ta saki. A 1967, cikin juyin al'adu na Mao, an soke hutun sabuwar shekara, bai dawo ba sai 1980. A tsawon wannan lokaci Hon Kon da Taiwan da Sinawan ƙetare ne suka riƙe littafin. Choi Park-lai, wanda ya rasu a 2018, ya shafe shekaru yana haɗa na Hon Kon, sana'ar da ya gada daga kakansa. Yau gwamnatin Bejin ta raba gari: lissafin watanni da zanguna aikin cibiyar falaki ta Dutsen Shunayya ce a Nanjing, bisa ƙa'idar ƙasa ta 2017, UNESCO kuma ta sa zanguna ashirin da huɗu cikin gadon ɗan Adam a 2016, bikin sabuwar shekara a 2024. Layin "yi" da "ji" kuwa an bar wa kasuwa.

Wani zai ce to mene ne laifin, tunda al'ada ce kawai? Ina ganin amfaninta, kuma ba zan ɓoye ba. Idan dangin ango da na amarya suka kasa daidaitawa a kan rana, littafi yakan raba gardama ba tare da wani ya ji an ka da shi ba. Mai masaƙar da ya jira rana mai kyau ya ba ma'aikatansa lokacin dawowa daga ƙauye, ya kuma buɗe da ƙwarin gwiwa. Da yawa daga masu duba jadawalin za su ce maka ba su yarda da shi ba, suna bi ne don kada iyaye su damu, ko don idan abu ya lalace kada a ce ai an faɗa maka. Mu ma da muke da masu ƙin tafiya ranar Larabgana bai kamata mu yi saurin dariya ba.

Amma imanin da miliyoyin mutane suka yi tarayya a kansa yakan bar tabo a jikin ƙididdiga. A Taiwan, shekarar damisa ta 2010, wadda ake gudun haihuwa a cikinta, an haifi jarirai kimanin dubu 167. A shekarar Lung ta 2012 an haifi kimanin dubu 229. Yaran da iyaye suka yi wa dabarar zuwa duniya a shekarar sa'a su ne za su yi cunkoso a aji da zauren jarrabawa da layin neman aiki. Bincike a can ya nuna ana ƙara yin tiyatar haihuwa a ranakun da littafi ya yaba, ana kuma ɗage ayyukan asibiti a wata na bakwai, watan fatalwa. A babban yankin Sin, haihuwa ta ɗan ɗaga daga miliyan 9.02 a 2023 zuwa miliyan 9.54 a 2024, bayan shekaru tana sauka. A wannan shekarar dai aure ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Dalilan tattalin arziki sun fi yawa a nan, ba na musu, amma shekarar ta kasance irin wadda ake kira shekarar gwauruwa, don Shigowar Bazara ta faɗo 4 ga Fabrairu 2024, kafin shekarar ta kama, ta gaba kuma ta faɗo bayan ta fita. Haɗuwar lissafi ce kawai da ke maimaituwa duk bayan shekara biyu ko uku, amma ta isa ta sa uwa ta ce wa 'yarta a bari sai baɗi. Misali mafi tsanani daga Japan yake, ƙasar da ta bar tsohuwar kalanda tun 1873 amma ta riƙe zagayen sittin. Akwai camfin cewa macen da aka haifa a shekarar dokin wuta takan ci mijinta. A 1966 haihuwa ta faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, daga miliyan 1.82 zuwa miliyan 1.36, sannan ta tashi a shekara mai bi. Har yau idan ka dubi zanen yawan jama'ar Japan za ka ga giɓin kamar an cire haƙori.

Ko ɓangaren lissafin ma yana da nasa haɗarin, don ranar haihuwar wata ta danganta da agogon da aka yi awo da shi. Sin tana amfani da layin digiri 120 gabas. Biyetnam ta Arewa ta koma agogon da ke bayan wannan da sa'a ɗaya a 1967, sai bikin Tet na 1968 ya faɗo 29 ga Janairu a Arewa, 30 a Kudu, kuma masana tarihi da dama suna danganta fara wasu hare-haren Tet kwana ɗaya kafin sauran da wannan ruɗanin. A 1985 sa'a ɗayan nan ta raba bikin Hanoi da na Bejin da wata guda cur.

Ɗan kawuna dai bai sayi Tung Shing ba, kuma ban ba shi shawarar ya saya ba. Abin da na rubuta masa a bayan littafin bashinsa ranaku ne: 17 ga Fabrairu 2026, 6 ga Fabrairu 2027, 26 ga Janairu 2028. Na ce ya ja layi mako uku kafin kowacce da mako uku bayanta, ya ɗauka masaƙa a rufe take. Ya duba, ya ƙirga da yatsu, sai ya lura cewa a waɗannan shekarun azumi ma yana matsowa daidai wannan tsakanin, wato kayan Sallah dole su bar Gwanzu tun kafin Disamba ta ƙare.